Filin Injina: In Jar Fitilar Mai Ta Kama a Bobcat

A wannan wata za mu taɓo ƙaramar motar nan mai cokali a gaba, da ake gani a wuraren gini tana kwasar yashi da tsakuwa, wadda kowa ke kira Bobcat ko da wani kamfani ne ya ƙera ta. Sunan ya fito ne daga kamfanin Melroe na Amurka, wanda ya fitar da ta farko mai taya huɗu a 1960, ya raɗa mata wannan suna a 1962. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su nan Ghana sun riga sun sha aiki a ƙasashen waje, kuma akwai 'yan'uwanmu a zango da ita suke cin abinci, wani yana ba da haya, wani yana tuƙi.

To, ana cikin aiki sai jar fitila mai hoton butar mai ta kama. Abin da take faɗi shi ne ƙarfin da famfo ke tura baƙin mai cikin injin ya faɗi. Wannan ƙarfi kuwa shi ke raba karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kansu. In babu shi, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, cikin 'yan mintoci injin ya buga. Saboda haka direba ya sauke cokali ƙasa, ya kashe injin nan take. Mai gini zai ce saura kwasa biyu a gama. A bar shi ya yi faɗansa, ba shi zai sayi injin ba.

Da farko a tabbatar wace fitila ce, domin motar na da mai iri biyu, na injin da na haidurolik, kowanne da alamarsa. Sa'an nan a ba mai 'yan mintoci ya koma ƙasa, a zaro sandar awo, motar kuma tana kan wuri miƙaƙƙe. In ya yi ƙasa a cika, a nemi inda yake yoyo. Motar da manta ya ragu takan kunna fitila a kan gangara ko tudun yashi, don man ya karkata gefe guda, famfo na shan iska.

In kuwa man ya haura alamar sama ba wanda ya ƙara, kada a yi murna. A shinshina. In yana warin dizal, ya kuma tsinke kamar ruwa, to dizal ne ke sauka ciki, daga nozul ko daga ƙaramin famfon dizal. In ya koma kalar shayi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, a duba gaskit. A nan ne za mu ja kunnen masu sayen man da ake ɗurawa a galan marar hatimi don araha. A zafin ƙasarmu, abin da aka saba sa wa irin wannan injin shi ne 15W-40 na dizal, da filta sabuwa mai kyau.

Yanzu ga inda aka fi tafka asara. Mai ya cika, yana da kyau, amma fitila ta ƙi mutuwa. Sai wani makaniki ya ce ɗan sawicin nan da ke jikin injin ne ya lalace, ya cire masa waya, fitila ta mutu, kowa ya watse. Wani kuma ya ce a sauke injin, a tafi Suame Magazine ko Abossey Okai neman metal da famfo. Dukansu cinta suke yi. Na farko yana iya kashe injin, na biyu yana iya cinye kuɗin hayar wata da watanni a kan sawicin da bai kai kuɗin galan ɗin mai ba.

Abin da ke raba gardama geji ne, mai allura. A kwance sawicin, a ɗaura gejin a gurbinsa, a tayar da injin. In allura ba ta ɗaga ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe. In ta ɗaga, a bari injin ya ɗau zafi sosai, a karanta yana silo, a kuma karanta an ba shi wuta. Misali injin Kubota V2203, wanda ke cikin Bobcat 753 da 763, ana son ganin wajen bar 3 zuwa 4 da rabi in an ba shi wuta duka, sawicin kuwa ba ya kunna fitila sai ƙarfin ya faɗo kusan rabin bar. Wato kafin fitila ta yi magana, mai yiwuwa injin ya daɗe yana wahala a shiru. Kowane injin dai da adadinsa a littafinsa.

In geji ya nuna lafiya, sawici ne ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe, sai a canza. In ƙarfin ya yi ƙasa da sanyi da zafi, a duba bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai, domin datti kan maƙale shi a buɗe, sa'an nan a kwance kaskon mai a wanke rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta, a duba famfon kansa. Amma in da safe ƙarfin na sama, da injin ya yi zafi sai ya zube a silo, galibi metal ne suka ci. A yanka tsohuwar filta a buɗe takardarta a rana. In ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe, magana ta ƙare, injin sai an sauke.

Wasu kan zuba mai kauri don fitila ta yi shiru, musamman in za su sayar da motar. Don haka mai saye kada ya yarda da gwajin minti biyar da sassafe. Ya zo da makanikinsa da geji, a sa ta aiki kamar awa guda, sa'an nan a auna.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.