Kiɗan na'ura da muka fi saurare a bana, da haƙƙin masu shi

 Kamar yadda ɗan kasuwa kan zauna ya lissafa riba da faɗuwa, mu ma a gidan rediyo mun zauna mun duba faya-fayen da muka fi sakawa a bana. Uku ne suka yi fice. Ba sababbi ba ne, amma duk kiɗan na'ura ne, kuma duk 'yan Nijar ne suka yi su.

Na farko shi ne na Mamman Sani, wanda ya ɗauka a Yamai a 1978 da fiyano mai aiki da lantarki ƙirar Italiya, mai suna Orla. Duk wanda ya tashi da rediyo da talabijin na ƙasa ya san sautin nan mai sanyi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri, amma kaɗan ne suka san mai shi. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da faifan da sunan La Musique Électronique du Niger.

Na biyu shi ne Anar na Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa. A Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka yi ta yawo har Mali, kafin duniya ta san shi.

Na uku shi ne Houmeissa na Hama, mazaunin Yamai, wanda ya fito a 2019. Ya ɗauki salon kiɗan Buzaye da na gidan biki ya zuba su cikin kwamfuta. Kiɗa ne zalla babu waƙa, ya dace da mai awo da mai ɗinki, don ba ya ɗauke hankali daga lissafi.

Mun san akwai masu ƙorafi. Wani dattijo a Attantane ya ce mana na'ura ta cinye abincin makaɗan kalangu, tunda yanzu mai biki lasifika yake haya. Gaskiya ya faɗa, ba mu musa ba. Sai dai mai na'urar ma ba ya samun komai daga gare mu. Ranar kasuwa a Tasawa ko Mayahi, mutum zai miƙa katinsa ga mai turi, ya biya 'yan kuɗi, a cika masa shi da kiɗa babu sunan kowa. Mai turi ya samu, mai lasifika ya samu, wanda ya kwana yana haɗa kiɗan ya tashi a tutar babu. Mu ma ma'aikatan rediyo muna da laifi, don sau nawa muka saka kiɗa ba mu ambaci mai shi ba?

Iyayenmu mata, ku kun fi kowa sanin darajar suna. Mai sayen fura ko ƙuli-ƙuli yakan ce na wance yake so, kuma da wannan sunan wance take ciyar da 'ya'yanta. In aka ɗebi kayanta aka sayar babu sunanta, ai an zalunce ta. Abin kunya ne a ce sai baƙo ya zo daga Amurka kafin mu san sunan namu.

Don haka roƙonmu uku ne. Masu turi su riƙa rubuta sunan makaɗi a kan kowane kiɗa. Mai saye ya tambayi na wane ne kafin ya biya. Gidajen rediyo kuma su faɗi suna, su biya haƙƙin mallaka ta hannun hukumar BNDA. Mu dai mun ɗauki alkawari a shirinmu, daga sabuwar shekara ba za mu ƙara saka kiɗan da ba mu faɗi mai shi ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai mu baɗi lafiya.