Waiwaye: Inda Mutanen Bagudo Ke Shan Iska

Duk wanda ya tambayi ɗan Bagudo inda yake zuwa shaƙatawa, kada ya sa ran jin sunan lambu mai tikiti ko otal mai sanyi. Tun tasowarmu wuraren hutunmu su ne bakin kogi, kasuwa, dandali da filin kokawa. Babu ɗaya da aka gina da kuɗin kwangila, babu kuma wanda ake tambayar baƙo takarda kafin ya zauna.

Bakin kogin Kwara shi ne na farko a zuciyata. Da la'asar sakaliya, a wajen Tuga, sarkawa na dawowa da kwale-kwale, mata na tarbar kifi don banda, yara na iyo a gefen da ba zurfi, dattawa kuwa sun shimfiɗa buzu suna dara a cikin rairayi. A nan yaro ke koyon inda ruwa ke da ja, da watan da kogi ke cika, da yadda ake gaida na gaba kafin a shiga jirginsa.

Ranar kasuwa kuma a Lolo ko Tsamiya rabi ciniki ce, rabi biki. Naira da sefa na yawo hannu da hannu, kunne na jin Hausa da Dendi da Fulatanci da Boko a rumfa ɗaya. Mutum zai sayar da buhun shinkafarsa tun hantsi, amma ba zai koma gida ba sai ya zauna wurin mai tsire ya ji labarin 'yan'uwa na Segbana da Madekali da Malanbil a ƙasar Benin: wa ya yi aure, wa ya rasu, ina damina ta yi kyau.

Idan kaka ta yi aka cika rumbu, sai ganga ta kira. 'Yan kokawa kan zo daga ƙauyukan tsallake da layunsu da makaɗansu, a kwana biyu ana karawa, wanda aka kayar ya ci tuwo a gidan wanda ya kayar da shi. Gasar kokawa ta takobi da Nijar ta fara a 1975 ta ƙara wa abin armashi, domin samarinmu kan kewaye rediyo suna bin 'yan Dosso kamar 'yan garinsu. Da dare kuma 'yan mata na gaɗa a dandali, samari na langa, tsofaffi na zaune nesa kaɗan, ido na kan kowa.

Wannan cuɗanya ta girmi iyakarmu da Benin ita kanta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta bar Illo a hannun Ingila, Nikki a hannun Faransa, ta raba ƙasar Bargu gida biyu. Turawa sun ja layi a takarda, amma kasuwa da kokawa da auratayya suka ci gaba da ɗinke abin da aka yanke.

Zamani ya zo da nasa. Gidajen kallon ƙwallo sun buɗe, samari suka koma goyon bayan ƙungiyoyin Ingila da Sifen, teburin mai shayi ya zama majalisa, wayar hannu ta shiga kowane aljihu. Ban ga laifin wannan ba, domin har yanzu taro ne a fili. Abin da ya girgiza mu shi ne rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, sannan a Nuwamba aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kasuwanni suka yi sanyi, kuɗin babur ya tashi, injin gidan kallo ya rasa mai. Bayan haka fargabar 'yan bindiga ta sa iyaye na kiran 'ya'yansu gida tun magariba. An yi ta lissafin asarar 'yan kasuwa, amma ba a lissafa samarin da suka rasa wurin zama a idon jama'a ba.

Darasin da na ɗauka shi ne hutu a bainar jama'a ba zaman banza ba ne. A dandali ake gane yaron da halinsa ya fara sauyawa, a kasuwa ake gane baƙon da ba a san asalinsa ba, a filin kokawa ƙarfin samartaka ke samun mafita mai mutunci. Idan aka rufe waɗannan wurare, matasa ba sa daina taruwa, sai dai su taru inda babba ba ya gani.

Don haka ina roƙon hakimanmu na Bagudo da Ka'oje da Illo da Zagga su hana a yanka filayen wasa a sayar fuloti. Ƙaramar hukuma ta sa fitilu masu aiki da hasken rana a dandali, ta kuma ware kofin kokawa na bayan kaka, a gayyaci maƙwabtanmu na Benin tare da sanin jami'an tsaron ɓangarorin biyu. Kuɗin wannan aiki kaɗan ne idan aka auna shi da abin da ake kashewa bayan tarbiyyar matasa ta riga ta lalace.