SHAN ƘWAYA A BAUCHI: A Ba Tubabbu Dama Su Riƙe Hannun 'Yan'uwansu

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauchi

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan, ya san irin saƙon nan da kan zo daga gida: wane ya lalace da ƙwaya, a aiko da kuɗi a kai shi magani. A kan aika, a kai yaro, ya yi wata biyu ko uku ya fito fes. Kafin salla ta zagayo ya koma ruwa. To, wannan komawar ita ce abin dubawa a yau.

Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shan ƙwaya a Nijeriya, kusan miliyan 3 daga cikinsu kuma sun kamu har sai da magani. A Arewa maso Gabas, inda Bauchi take, mashayan sun haura miliyan 2. Cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. An kafa NDLEA a 1989, an kuma hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Amma kame da hani suna tare kaya ne, yaro kuwa yana nan da ƙishirwarsa. Iyaye da yawa sun ruga gidajen mari, har a 2019 'yan sanda suka fasa wasu a Kaduna da Daura suka tarar da mutane ɗaure cikin sarƙa. Wanda ya sami gado a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi sa'a, sai dai likita ba zai bi shi gida ba. Ranar da aka sallame shi zai koma unguwarsu, ga tsofaffin abokai, ga mai sayarwa a lungu, babu aikin yi, 'yan sara-suka kuma suna neman yara.

A wannan gaɓar ne tubabben mashayi yake da amfani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya sha ya daina ya san lokacin da marmari ke tashi, ya san ƙaryar da mashayi ke yi wa uwarsa, don shi ma ya yi ta. A Amurka wasu mashayan giya biyu ne suka fara irin wannan zama a 1935, na mashayan ƙwaya ya biyo baya a 1953, yau kuma ƙungiyoyin sun bazu a duniya. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma abin da aka faɗa a zama ba ya fita waje.

Abin da muke roƙon Gwamnatin Jihar Bauchi ba mai tsada ba ne. A ware ɗaki a asibitocin unguwa, kamar a Yalwa da Jahun da Fadaman Mada, inda tubabbu za su riƙa zama ko da sau biyu a mako. A zaɓi waɗanda suka daɗe da dainawa, likitocin ƙwaƙwalwa su horar da su, a ba su ɗan alawus. Duk wanda asibiti ko NDLEA za ta sallama, a haɗa shi da ɗayansu tun kafin ya fito. A yi wa mata nasu zaman daban, mace ta jagorance shi, tun da ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kada a kama kowa a ƙofar wurin, domin ranar da aka yi haka ba mai sake zuwa.

Wasu za su ce an ba kura ajiyar nama. Gaskiya ne tubabbe na iya zamewa, shi ya sa ya kamata ma'aikacin lafiya ya sa ido, masu unguwanni da limamai kuma su san da zaman.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, kuna da ƙungiyoyi da sarakunan Hausawa masu faɗa a ji. In za ku aiko da kuɗin magani, ku tambaya wa zai riƙe yaron bayan ya fito, ku kuma ware wani abu na jari ko koyon sana'a. Allah ya shirya mana zuriya.