Kafin a ce Tozai ta ƙoshi, a faɗa mana tazarar lissafin

Da zarar kaka ta yi, rahotanni kan fito da matsakaicin amfanin da manomi ya samu a wuri kaza, kuma a kan wannan adadi ake yanke inda za a kai tallafin hatsi da inda za a ce a jira. A mazaɓa irin Tozai ta ƙaramar hukumar Illela, inda gero da wake suka dogara da ɗan gajeren lokacin damina, adadin da ya yi sama da gaskiya yana iya sa a tsallake gidajen da rumbunansu ba za su kai bazara ba. Ra'ayina shi ne, bai kamata wata hukuma ta fitar da matsakaicin da ta samo daga samfuri ba, kuma bai kamata jarida ta buga shi ba, sai an haɗa da yawan gonakin da aka auna da tazarar tabbacin da ke kewaye da adadin.

Babu laifi a auna kaɗan domin a san halin mai yawa. Mai sayen hatsi a kasuwar Illela ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya. Yana soka ƙarfe a sama da tsakiya da gindin buhun, ya murza abin da ya fito a tafin hannu, sannan ya taya. Ya san kuma cewa suka ɗaya na iya yaudararsa, shi ya sa yake ƙarawa. Haka ma'aikacin ƙididdiga: ba zai iya ƙirga damin kowace gona a Tozai ba, sai ya zaɓi wasu. Da wani ma'aikacin zai zaɓi wasu gonakin daban, da adadinsa ya ɗan bambanta. Tazarar tabbaci ita ce hanyar auna girman wannan bambanci.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka, a matsayin misali kawai, an zaɓi gonaki 36 ta hanyar ƙuri'a, matsakaicin ya fito dami 40, ma'aunin yadda gonakin suka sha bamban da juna kuma ya fito dami 12. Sai a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 36, wato 6, a raba 12 da ita, a samu 2. Domin tabbaci na kashi 95 cikin 100 ana ninka wannan da kusan 2, a samu 4. Ke nan matsakaicin gaskiya na mazaɓar yana tsakanin dami 36 da 44. Ma'anar kashi 95 ɗin, kamar yadda masanin lissafi Jerzy Neyman ya tsara a 1937, ita ce in aka yi ta maimaita irin wannan aiki, kusan sau 95 cikin 100 tazarar za ta kama adadin gaskiya. Ba ta nufin kowane manomi ya samu abin da ke tsakanin 36 da 44. Tana magana ne a kan matsakaici kaɗai.

Yanzu a ce gonaki 9 kawai aka auna, sakamakon ya fito iri ɗaya. Za a raba 12 da 3, a samu 4, kuma saboda ƙanƙantar samfurin za a ninka da 2.3, bisa gyaran da William Gosset ya wallafa a 1908. Tazarar ta koma daga dami 31 zuwa 49. Idan ma'aunin da hukuma ta sa na buƙatar tallafi shi ne ƙasa da dami 35, rahoton farko ya ba da dalilin kwantar da hankali, na biyu kuwa bai bayar ba, alhali duka biyun za su buga "dami 40" a kanun labari. Mai karatu da aka ɓoye wa tazarar ba shi da yadda zai bambanta su.

Wasu za su ce talaka adadi ɗaya yake so, tazara za ta rikita shi. Manomin da ke cewa bana zai samu "talatin zuwa arba'in" tun kafin girbi ya riga ya saba da tazara. Wasu za su ce mai kasafi ba ya iya sayen hatsi da adadi biyu. Gaskiya ne, amma tazarar ce ke nuna masa yawan ajiyar da zai tanada in gaskiyar ta faɗo a ƙasan lissafi. Masu kukan tsada ma suna da hujja, domin rage faɗin tazara da rabi na buƙatar ninka samfuri sau huɗu: gonaki 144 ne za su kawo ta tsakanin 38 da 42. Sai dai rubuta tazarar da aka riga aka samu ba ya cin ko sisi. Rahoton binciken lafiya da al'umma na 2018 da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar ya ware shafuka ga irin wannan tazara, don haka abin ba baƙo ba ne.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tazara ba ta gyara mugun zaɓe. Idan rashin tsaro ko wahalar hanya ya sa an tsaya a gonakin bakin titin Sakkwato zuwa Illela, ko a fadamun kusa da tafkin Kalmalo, lissafin zai fito tsaf amma ba zai wakilci manomin tudu ba. Haka adadin jiha ba ya zama adadin mazaɓa, balle a yankin da rufe iyaka da Birnin Ƙonni a 2019 da 2023 ya taɓa cinikinsa kai tsaye. Wannan dalili ne na ƙara bayani: a faɗi ƙauyukan da aka je da waɗanda ba a kai ba.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da cibiyar NAERLS ta Zariya, da ma'aikatar gona ta Jihar Sakkwato, su sa tazara kusa da kowane matsakaici a takardun da suke ba manema labarai. Kansilan mazaɓa da ɗan jarida kuma, duk wanda ya kawo musu adadi su tambaye shi: gonaki nawa ka auna, a ina, kuma daga nawa zuwa nawa?