Kada Mu Sayar Da Tarihin Mazan Jiya A Kuɗin Gwanjo

A nan Jisonayili da sauran unguwannin Tamale, akwai gidajen da har yau ke ajiye da akwatin ƙarfe na kakan da ya je yaƙin Bama, cike da lambobin yabo da takardar sallama da tsoffin hotuna. Mu 'yan kasuwa ne magada ke fara kawo wa irin waɗannan kaya, mu kuwa sai mu yi musu kuɗin gwanjo mu miƙa wa dillali, ya ƙetare da su ta Paga ko Aflao.

To jama'a, duk wanda ya ci karo da ƙyalle mai zanen garuruwa da koguna a cikin irin wannan akwati, kada ya ɗauka hankici ne. A watan Disamba 1939 Ingila ta kafa wani sashen asiri mai suna MI9, domin taimaka wa sojojinta da aka kama ko aka harbo jiragensu su tsere. Wani jami'in sashen, Christopher Clayton Hutton, shi ya sa aka riƙa buga taswira a kan siliki, saboda ba ya lalacewa in ya jiƙe, ba ya ƙara in an warware shi, kuma ana iya ɗinke shi cikin riga.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Daga 1940 jiragen yaƙin da aka harhaɗa a Takoradi ta Legas da Kano da Maiduguri suke bi zuwa Hartum da Alƙahira. A 1944 bataliya uku ta sojojin Nijeriya ta shiga dajin Bama tare da rundunar Chindit, wadda ita ma ke raba wa mutanenta taswirar siliki. Sojojin Gold Coast kuwa da yawansu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki.

A yau masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka rububin waɗannan taswirori suke yi, kuma wadda aka san sunan mai ita ta fi daraja. Ke nan idan muka raba kaya da labarinsu mun yi asara biyu: iyali sun rasa tarihi, mu mun rasa riba. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Wani zai ce gado ne, kuma yunwa ba ta jira. Gaskiya ne, ba mu ce sayarwa haramun ba ce. Amma amana ta wajabta mu gaya wa magada abin da ke hannunsu kafin a yi ciniki, a rubuta sunan sojan da lambarsa, a ɗauki hoton kayan, sannan a fara tuntuɓar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kafin a nemi baƙo.

Allah Ya jiƙan mazan jiya, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.