Ba Zazzaɓi Ba Ne, Hayaƙin Mota Ne



Yau maganata a kan salansar mota take. Wani zai ce: "Malam, me ya haɗa salansa da shafin lafiya da noma? Ai wannan zancen makanikai ne." To, a yi haƙuri a karanta. Masu mota a cikinmu kaɗan ne, amma dukanmu muna shiga mota. A ƙasar Dakoro, in an bar kwalta, motar da ke ratsa rairayi ita ce a-kori-kura: tsofaffin Hilux da Land Cruiser da ire-irensu. Su ke kai gero da wake kasuwa. Su ke ɗauko awaki daga Sakabal da Bermo. Su ke kawo mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Mutum biyu ko uku ke zama gaba tare da direba, sauran jama'a duka suna baya, bisa buhuna.

A hunturun bara na shiga irin wannan mota ina dawowa daga rangadi a yankin Kornaka. Sammako muka yi, ga sanyi, ga iska. Karen mota ya ji tausayin mata da yara da ke zaune can ƙarshen bodi, ya ja tamfol ya rufe su. Ba mu yi tafiyar awa guda ba, sai wata mata ta fara kukan ciwon kai. Ɗiyarta mai kamar shekara shida ta yi amai, sa'an nan ta langaɓe kamar mai barci. Wani dattijo ya ce zazzaɓin sauro ne. Wata ta ce yarinyar ba ta saba da mota ba. Muka bubbuga rufi, direba ya tsaya, aka sauke su a gindin wata aduwa. Ba a jima ba yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa. Da na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar, sai na ga bututun salansa ya ƙare a tsakiyar bodi, daidai inda suke zaune. Direban bai ɓoye mini kome ba. Ya ce wutsiyar salansar ta karye tun damina, tukunyar gaba kuwa ya cire ta ya sayar wa ƴan gwangwan.

Zazzaɓin sauro ba ya sakin mutum don an sauke shi daga mota. Abin da ya kama yarinyar nan guba ce da ke cikin hayaƙi. Masana suna kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai take kashe mutanen da suka kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin mai rayarwa, har sau 200 da ɗoriya. In ta cika jini, ƙwaƙwalwa da zuciya sai su rasa iska. Alamar farko ciwon kai, sai jiri, sai tashin zuciya da amai, sai barci mai nauyi. Barcin nan shi ne abin tsoro, domin na kusa zai ɗauka gajiya ce. Yara sun fi saurin kamuwa. Mace mai ciki kuwa mutum biyu ne ke shaƙa, kuma gubar ta fi daɗewa a jinin ɗan da ke ciki.

Yaya hayaƙi ke komowa cikin mota alhali tana gudu? Ku tuna da ƙura. Kowa ya san wanda ya zauna a ƙarshen bodi shi ya fi sauka fari fat. Mota in tana tafe, iska tana murɗawa a bayanta tana jawo ƙura ciki. Duk inda ƙura ta shiga, hayaƙi ma nan yake bi. In aka rufe da tamfol, an yi masa ɗaki ke nan.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A shekarar 1992 likitocin birnin Siyatil na Amurka sun ba da rahoton yara 20 da gubar nan ta kama suna zaune a bayan a-kori-kura. 17 suna cikin bodi mai rufi, 3 suna ƙarƙashin tamfol. 15 daga cikinsu sun suma, ɗaya ya rasu, ɗaya ya sami lahani na har abada. A kowace mota daga cikin motocin nan, ko dai salansa tana yoyo, ko kuwa bakinta baya yake kallo maimakon gefe.

Yanzu mu zo ga tukunyar da direban ya sayar. Salansar motocin zamani tana da tukunya iri biyu. Ta baya aikinta rage ƙara. Ta gaba, wadda ke kusa da inji, ita ce matatar hayaƙi. In aka fasa ta, za a ga wani abu kamar saƙar zuma, mai ƴan ramuka barkatai. Makanikan Nijeriya suna ce masa indomi, don ya yi kama da taliyar nan ta leda. An shafe ramukan da ƙarafa uku masu daraja: filatinom da faladiyom da rodiyom. In hayaƙi mai zafi ya ratsa ta ciki, ƙarafan nan suna juya gubar ta koma iska marar kisa. Matata mai lafiya, a kan inji mai lafiya, tana kawar da kusan kashi 9 cikin 10 na gubar. Amma sai ta yi zafi take aiki. Saboda haka motar da aka tayar da asuba a tasha, aka bar ta tana ɗumi fasinja na zaune a baya, hayaƙinta ɗanye ne ko da tana da matata.

A Amurka aka fara sa ta a yawancin sababbin motoci a 1975. Ƙasashen Turai suka wajabta ta a kan motocin fetur daga 1993. Ke nan motar fetur da ta zo mana daga can bayan waɗannan shekaru, da matatarta aka ƙera ta. To ina take zuwa? Ƙarafan da ke ciki ba su cika ƙaramin cokali ba, amma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. A 2021 rodiyom ya ninka zinariya tsada fiye da sau 10. Yawancinsa daga ma'adinan Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Shi ya sa ƴan gwangwan ke bin garaji suna tambaya. Wani lokaci ma ba ta iso mana. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. A rahotonsu na 2020, masu binciken ƙasar Holan sun ce sun duba motocin da ake shirin aiko mana, suka tarar an cire wa waɗansu matata tun ba su hau jirgin ruwa ba. Wanda zai sayi mota a Maraɗi, ya tafi da makanikin da ya yarda da shi, a leƙa ƙasa kafin a ƙirga kuɗi.

Ba na so in yi wa direbobi rashin adalci. Na zauna da su, na ji hujjojinsu.

Wasu suna cewa matata ba ta jituwa da manmu. Da can gaskiya ne. Ana zuba dalma a cikin fetur, ita kuwa dalma tana lulluɓe ƙarafan ta kashe su. Amma tun farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina fetur mai dalma, Aljeriya kuma ta rufe ƙofar a duniya duka a 2021. Dalilin ya wuce, maganar ce ta saura a bakin mutane.

Wasu suna cewa in an cire ta mota tana ƙara ƙarfi a rairayi. A nan akwai gaskiya rabi. Matatar da ta toshe tana shaƙe inji, mota ta kasa hawa tudu. Amma ba ta toshewa haka kawai. Injin da ke shan baƙin mai, ko fulogin da ya mutu, ko man kwalba da aka gauraya da kananzir, su ke toshe ta. Wanda ya fasa matata ya bar injin yadda yake, ya yi maganin tari ne ya bar ciwon ƙirji. Matata mai lafiya kuwa ƙarfin da take ragewa bai taka kara ya karya ba. Ƙara ce take ƙaruwa, sai kunne ya ɗauka ƙarfi ne.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi, wato kuɗi. Sabuwar matata tana da tsada, mai tsohuwar mota kuwa da ƙyar yake fitar da na taya. Ban ce a ajiye mota don ba ta da matata ba. In aka ajiye ta, wa zai kai mai naƙuda asibiti? Akwai ma tsofaffin motoci, musamman masu gazuwal, da ba a ƙera su da ita ba tun asali. Injin gazuwal bai kai na fetur fitar da gubar nan ba, ko da yake baƙin hayaƙinsa ma ba abin shaƙa ba ne: a 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin huhu. Abin da nake cewa shi ne, mai matata mai lafiya kada ya sayar da ita, domin kuɗin zai ƙare cikin mako, masu shaƙa kuwa suna nan kullum. Wanda ba shi da ita, wajibi ne bututunsa ya zama cikakke, babu huda, ya wuce inda mutane ke zama, bakinsa ya fita ta gefe. Wannan aikin mai walda ne na rabin yini. Babu direban da zai ce ya fi ƙarfinsa.

Makiyaya ma maganar ta shafe su. Bayan damina, in ciyawa ta bushe daga kwarin Tarka zuwa Gadabeji, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin garke dubu. Salansar da aka yanke ko ta huje tana iya tofar da tartsatsi. Matata kanta tana yin zafin da zai kunna busasshiyar ciyawa. Don haka ko da matata ko babu, kada a tsayar da mota a cikin ciyawa mai tsawo. A nemi fili. A riƙa cire ciyawar da ta maƙale a ƙarƙashi. Mai lodin harawa ko kara ya duba kada kayan su sauko kan bututu.

Ina roƙon shugabannin tasha da ƴan kamasho. Kuna duba taya, kuna ƙirga fasinja, kuna karɓar la'ada. Ku ƙara da leƙa salansa kafin mota ta shiga layi. Wannan ba sai an jira gwamnati ba. Mu fasinjoji kuma mu daina jin kunyar magana. Wanda ya biya kuɗin mota yana da ikon ya ce a ɗage tamfol, a mayar da yara da masu ciki kusa da kan mota inda iska ke kaɗawa, a kashe inji in an tsaya lodi.

In kuwa kuka ga mutum biyu ko uku sun kama ciwon kai tare a bayan mota, ko yaro ya yi barcin da ba ya jin kira, ku tsayar da direba nan take. A fito da su sarari, nesa da mota. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe ɗaya, kada a ɗura masa ruwa ko fura. Ko ya farfaɗo, a kai shi gidan likita mafi kusa, a gaba ko a wurin da iska ke shiga, ba inda ya zauna da farko ba. In kun isa, ku gaya wa ma'aikacin lafiya cewa a bayan mota abin ya faru, kuma hayaƙi kuke zato, domin maganin wannan guba iskar oksijin ce, ba ƙwayar zazzaɓi ba.