CI-RANIN KWAMFUTA: HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA

Yau da ɗan zafina na zo, wadda maganar ta taɓa sai ta yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tun da na dawo daga Masar ba a bar ni na huta ba. Duk wadda ta shigo yi min barka da sauka, kafin ta ajiye mayafi sai ka ji, "Anti don Allah ya ake yi a fita?" Rannan wata ƙanwata ta miƙo min wayarta, hoton wata budurwa ce zaune a bakin teku, kwamfuta a cinya, kofin shayi a gefe, wai duk inda ta sauka a duniya nan ne ofishinta. Ta ce, "Wallahi Anti irin wannan rayuwar nake so, ba ɗaukewar wuta, ba faɗan miji, ba fargabar 'yan bindiga." Na dube ta na rasa ta cewa, don tausayi ta ba ni. Abin da ban gaya mata ba ranar shi na zauna na rubuta.

Da farko dai abin nan ba sabo ba ne, sunansa ci-rani. Mu mutanen ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum a ciki muka tashi. Da an gama girbi an ɗaure dawa, sai maza su saɓa jaka su nufi Kurmi, wasu Ibadan, wasu Ikko, wasu har Kumasi, su yi ga-ruwa ko dako ko gadi. Kai, ko sunan garinmu ma, Tungar Daji, ai tunga mazaunin wanda ya baro gida ne ya kafa bukka don neman abinci. Bambancin kawai, na da jikinsa yake kaiwa wurin aikin, na yanzu aikin ne ke biyo shi ta intanet, ko rubutu, ko fassara, ko zane, ko koyarwa. Amma ɗan ci-ranin da yana da ƙa'ida uku da ba ya karyawa: ba ya fita sai da sana'a a hannunsa, ba ya sauka sai ya san maimasaukinsa, kuma da hadarin farko ya haɗo zai kama hanyar gida. Wace ce a cikin ukun nan masu hoton bakin teku suke gaya muku?

Gaskiya ne, tun annobar korona ƙasashe suka fara ba da bizar zama ga masu irin wannan aiki. Estoniya da Dubai sun fara a 2020, Fotugal a 2022, Sifen a 2023. To amma kowace sai ta ce ki nuna shaidar abin da ke shigo miki duk wata. Fotugal ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasarta take nema. Sirrin da ba a faɗa shi ne, Baturiyar nan da dala ko yuro ake biyan ta, ta je ta kashe inda rayuwa ke da araha. Ke kuwa da naira za a biya ki, ki je ki biya haya da kuɗin da ya fi naira ƙarfi. Ita gangarawa take yi, ke hawa za ki yi. Fasfo ma ba ɗaya ba ne. Dubai ɗin da ake ta ɗoki ai rufe wa 'yan Nijeriya ƙofar biza ta yi a 2022, ba ta buɗe ba sai Yulin 2024.

Ba ji na yi ba, jiki magayi. A ƙarshen 2023 maigidana ya sami karatu a Alƙahira, muka tafi da yara biyu. Na ce ai ni kakata ta yanke saƙa, littafina a waya nake rubutawa, a WhatsApp nake sayarwa, masu karatu su turo naira 500 in saka su a zaure, to me zai hana ni ci gaba daga can?

Ba zan yi butulci ba, na ji daɗi. Na ga wutar da za ki yi caji ki yi guga ba ki ɗaga kai kina addu'a ba. Na shiga jirgin ƙasa na cikin gari wanda aka ware wa mata taragonsu, ba mai matse ki. Na je kasuwar baje kolin littattafai ta Alƙahira da ake yi duk shekara tun 1969, na ga tarin littafin da sai da na yi ƙwalla, ni da nake bin mai shago da roƙo ya karɓi kwafi ashirin. Na tsaya a kan gadar Nilu da magariba. Na yi barci har asuba ban saurari ƙarar babur daga daji ba. Duk wanda ya ce miki tafiya ba ilimi ba ce, bai taɓa wuce tashar garinsu ba.

Amma fa ga ɗaya gefen. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi wa kanta daraja. Dalar da take wajen naira 460 a banki, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Ni ina zaune ina lissafi, abin da littafi guda zai biya mana na hayar wata biyu ya koma ko wata ɗaya bai cika ba. Katin bankina kuma ya zama kwali, sai na bi ɗalibai ina roƙon mai canji. Ga masu satar littafi, in sako babi da asuba, kafin hantsi ya zaga zauruka goma kyauta. Ga takardar zama, mu yi sammako mu wuni a layi da yara, a ce mu dawo wani makon. Ga sanyin Janairu mai shiga ƙashi. Larabcin Islamiyyar da nake taƙama da shi kuwa, mai sayar da tumatir dariya ya yi min, nasu na kasuwa daban ne.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan kaɗaici. A gida ko gishiri ya ƙare ki leƙa katanga. Can kuwa wata huɗu ban san sunan maƙwabciyata ba. Ranar da daddawa da kukar da na ƙullo suka ƙare, zama na yi a kicin ina kuka kamar an yi min mutuwa. Da mutuwar gaske ta zo, ta ƙanwar mahaifiyata wadda ta goye ni, a waya na ji, a waya na yi gaisuwa, murya na yankewa. Ran nan ma na ɗauki hoto a bakin Nilu na saka, ƙawaye suna ta "Hajiya ana shanawa." Kun ga ni ma na yi ƙaryar da nake zargin wasu da ita, Allah Ya yafe min.

Mu 'yan Tungar Daji bai kamata ƙyalli ya sake ruɗar mu ba. A 2010 duwatsun zinariya aka riƙa shigowa da su cikin gidaje, mata na daka, ana niƙa, yara na wasa a cikin ƙurar. Talauci ne ya sa, kuma ba wanda ya gaya mana akwai gubar dalma a ciki. Daga garinmu zuwa Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, yara sama da 400 aka binne a Zamfara, sai da likitocin MSF suka zo aka kankare ƙasar tsakar gidaje. Zinariyar gaskiya ce, dalmar ma gaskiya ce, a dutse ɗaya suke. Haka zaman waje yake. Wanda ya nuna miki ɗaya ya ɓoye ɗaya ba masoyinki ba ne.

A nan dillalai suke samun ƙofa. Da sun ga yarinya idonta ya rufe sai su ce akwai aikin kwamfuta a waje, kawo kuɗin biza. A sayar da akuya da ɗan kunnen uwa. Wata kuɗin ne za su bi ruwa, wata kuma sai ta sauka za ta tarar aikatau ne, an karɓe fasfo, ba ta da bakin magana. Ke 'yar'uwa, aikin da ake yi ta intanet ba ya bukatar ki hau jirgi kafin ki fara. In ba ki iya samun ko sisi da shi a ɗakin uwarki ba, ba iskar Dubai ce za ta koya miki ba.

Sannan ku ma masu cewa duk macen da ta fita ta lalace, ku ji tsoron Allah. Tun zamanin Nana Asma'u jajis suke taka ƙasa daga ƙauye zuwa gari don neman ilimi su kai wa 'yan'uwansu mata. Ban ce kar a fita ba. Na ce a fita da yardar iyaye ko miji, da takarda ta halal, da sana'ar da ta riga ta kama, da guzurin wata shida, da kuɗin jirgin komowa a ɓoye inda ko yunwa ba za ta taɓa shi ba.

Ranar da muka dawo na je gaida Inna a Anka, inda rashin tsaro ya maido su. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyata, kin taho? To mi kika kawo muna?" Na fara zaro atamfa da turare, ta ce, "Ba shi ba, mi kika koyo?" Amsar da na ba ta ke nan na rubuta muku. Yanzu haka yara mata shida nake koya wa buga rubutu da gyaran littafi a waya, ciki har da mai hoton bakin tekun nan. In ta ƙware, Allah Ya buɗa mata, ni da kaina zan raka ta filin jirgi.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya dawo da na nesa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yafe ni.